Darasi na Goma Sha Ɗaya: Sabunta Sunan Shafin Intanet da Zama da Kamfanonin Rajista

A darasin da ya gabata mun ga yadda ake zaɓar suna a buɗe wa sana'a ko ƙungiya shafi a intanet. Yau za mu duba abin da ke faruwa idan shekara ta zagayo, domin a nan ne mutane da yawa suke asarar sunan da suka sha wahalar tallatawa, wanda suka buga a allon shago da katin kasuwanci da jikin mota.

Abin da ya kamata ya fara zama a ran kowa shi ne, sunan shafi, wanda masu harkar suke kira domen, ba a sayar da shi sayarwar har abada. Haya ake bayarwa. Kamar shago ne a Kantin Kwari: ka biya kuɗin shekara, ka kafa allonka, masu saye sun san ƙofarka, amma idan wa'adi ya cika ba ka sake biya ba, sai a sa kwaɗo, bayan ɗan lokaci kuma a ba wani. A sunayen da suke ƙarewa da .com da .net da .org, mafi ƙarancin wa'adi shekara 1 ne, mafi yawa shekara 10. Wanda ya biya na shekara 10 ma, ranar da ta cika sai ya sabunta.

Kada wani ya ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke mantawa. A watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft ya bar sunan passport.com ya ƙare, alhali ta wannan sunan masu amfani da Hotmail suke shiga akwatin imel ɗinsu. Wani masanin kwamfuta mai suna Michael Chaney, wanda ba ma'aikacinsu ba ne, shi ya lura ya biya dala 35 da katinsa, sannan ƙofa ta buɗe. A 2016 kuma wani kamfanin Amurka mai suna Sorenson Communications, wanda yake haɗa wa kurame kiran waya ta bidiyo, ya yi sakaci irin wannan. Aikinsa ya tsaya na kwanaki, har masu neman agajin gaggawa suka kasa kira ta hanyarsa, kuma a shekarar da ta biyo baya sai da ya amince zai biya hukumar sadarwa ta ƙasar kusan dala miliyan 3. Kuɗin sabuntawar da aka manta bai kai na man mota na kwana ɗaya ba.

Su wa ke tsakaninka da sunan

Idan matsala ta taso, mutum yakan rasa wanda zai kama, saboda bai san hannu nawa kuɗinsa ya bi ba. A sama akwai ICANN, ƙungiyar da aka kafa a 1998, mai hedikwata a birnin Los Angeles. Ita ba ta sayar wa kowa suna, nata tsara dokoki da ba kamfanoni lasisi. Ƙasa da ita akwai masu riƙe da kundi, wato waɗanda babban littafin kowane rukuni yake hannunsu: kundin .com da .net yana wurin kamfanin Verisign, na .org kuma yana wurin Public Interest Registry. Su ma ba sa hulɗa da kai. Wanda kake hulɗa da shi shi ne kamfanin rajista, irin su GoDaddy da Namecheap. Shi yake karɓar kuɗinka, ya cire ribarsa, ya shigar da sunanka a kundi. A ƙasan kamfanin rajista kuma sau da yawa akwai 'yan sari, masu sayen sunaye a hannunsa su sayar da nasu tambarin. Yawancin ƙananan kamfanonin da ke ba da masaukin shafi a garuruwanmu, idan ka sayi .com a wurinsu, 'yan sari ne.

Da can ba haka abin yake ba. Har zuwa 1999 kamfani ɗaya ne, Network Solutions, yake yin rajistar .com a duk duniya. A 1995 ya sa farashin dala 100 na shekara 2, daga baya ya sauko zuwa dala 70. Da aka buɗe fagen ga kowa farashi ya faɗi, amma gasar ta zo da dabarun jawo mai saye da na hana shi tafiya, waɗanda za mu gani nan gaba.

Sunayen ƙasashe daban suke. Na Nijeriya .ng ne, yana hannun ƙungiyar NiRA, ita kuma tana da nata kamfanonin rajista da ta amince da su, masu karɓar naira. Na Nijar .ne, na Gana .gh, na Kamaru .cm, na Chadi .td, na Sudan .sd. Kowace ƙasa ita ke tsara dokar sunanta. Saboda haka lissafin kwanakin da zai zo yanzu na su .com da .net da .org ne. Mai .com.ng ko .ne ya nemi ƙa'idar tasa a wurin kamfanin da ya yi masa rajista, ya kuma nemi a ba shi a rubuce.

Abin da ke faruwa kafin ranar da bayanta

Tun watan Agusta na 2013 ICANN ta ɗora wa kamfanonin rajista wajibin tunatarwa. Dole su aiko da saƙo sau 2 kafin wa'adi ya cika, ɗaya saura kimanin wata guda, ɗaya saura kimanin mako guda. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, su sake aiko da na 3 cikin kwana 5. Saƙon imel ne, kuma adireshin da ka rubuta ranar rajista shi ake aikawa. In ka daina buɗe wannan akwatin, ko kuma tun asali na wani aka sa, kamfani ya sauke nauyin da ke kansa, kai kuwa ba ka ji komai ba.

Ranar da wa'adi ya cika, Verisign takan sabunta sunan da kanta ta rubuta kuɗin a kan kamfanin rajista, ta ba shi kwana 45 ya yanke shawara: ko ya karɓi kuɗi a wurinka, ko ya goge sunan a mayar masa da nasa. Daga nan maganar "kwana 45 na rangwame" ta fito, kuma mutane da yawa sun dogara da ita sun yi kuka. Kwanakin nan na kamfani ne, ba naka ba. Wani zai jira ka kwana 30, wani ƙasa da haka, doka ma ta ba shi damar ya goge sunan a kowane lokaci bayan wa'adi ya cika. Abin da ya rubuta a yarjejeniyar da ka danna ka amince da ita, shi ne zai yi aiki a kanka.

A cikin wannan lokaci shafinka zai ɗauke. Wannan ma doka ce: an umarci kamfani ya katse shafin aƙalla kwana 8 na ƙarshe da kake da damar sabuntawa, don wanda saƙo bai isa gare shi ba ya farga. Mai neman shafinka zai tarar da sanarwar cewa suna ya ƙare, galibi tare da tallace-tallacen da kamfanin ke cin kuɗinsu. Imel ɗin da ke ɗauke da sunan shafin shi ma zai daina karɓar saƙo. A nan akwai wani rami da masu wayo ma suke faɗawa. Idan sunan shafinka sunanka.com ne, kuma adireshin da ka ba kamfani shi ma a sunanka.com yake, to da zarar an katse sunan, saƙon gargaɗi na ƙarshe ba zai shigo ba, kuma idan ka manta kalmar sirri, saƙon sauya ta ma can za a tura. Adireshin da za ka ba kamfanin rajista ya zama na waje ne, irin na Gmail ko Yahoo, wanda kake buɗewa kullum.

Idan kamfani ya goge sunan, sai ya shiga lokacin fansa na kwana 30. Ba wanda zai iya ɗauka a lokacin, kai kaɗai ke da ikon dawo da shi, kuma ta hannun kamfanin da ya goge shi kawai. Amma akwai kuɗin fansa ban da na sabuntawa, wanda a kamfanoni da yawa yakan kai dala 80, a wasu ya haura 100. In kwana 30 ya wuce, sai a shiga kwana 5 na jiran gogewa, wanda a cikinsa babu abin da kowa zai iya yi, ko da kuɗi a hannu. Daga nan a saki sunan ga duniya. Wanda yake cewa "bari in jira a sake shi, in sake rajista da araha" bai san akwai kamfanoni masu injinan da aikinsu kenan ba, suna jiran daƙiƙar da za a saki suna mai daraja su cafke.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Manyan kamfanonin rajista da yawa ba sa barin suna mai kyau ya kai ga gogewa. Tun cikin kwana 45 ɗin nan suke sa shi a gwanjo, in an samu mai saye a mayar masa kai tsaye. Idan haka ta faru, lokacin fansa ba zai zo ba sam, domin ba a goge sunan ba, hannu ya sauya. Yarjejeniyar da ka amince da ita ta ba su wannan damar. A ganina wannan ya fi komai nauyi a darasin nan: duk kwanakin da ke bayan ranar ƙarewa ba abin dogaro ba ne, ranar da aka rubuta ita ce ranar.

Me sabon mai sunan zai yi da shi? Wani zai riƙe ya jira ka zo ka saya da tsada. Wani zai cika shi da tallan caca ko na batsa, saboda har yanzu mutane suna shigowa da tsohon adireshi. Mafi muni shi ne wanda zai buɗe imel irin naka na da, ya riƙa karɓar saƙonnin abokan cinikinka, har ya tura musu lambar asusun banki da sunanka. Ga makaranta ko asibiti ko ƙungiyar taimakon marayu, wannan ɓarna ta wuce ta kuɗi.

Farashin shiga da farashin zama

Kamfanin rajista yana da kuɗin da yake biya a kan kowane .com duk shekara. Daga 2012 zuwa 2021 Verisign tana karɓar dala 7.85. Sannan ta riƙa ƙarawa: 8.39 a 2021, 8.97 a 2022, 9.59 a 2023, 10.26 a 2024. ICANN ma tana da ɗan kasonta na wasu sentoci. To idan ka ga kamfani yana tallar .com a dala 1 ko 2, ka san faɗuwa yake yi a shekarar farko da gangan, yana lissafin zai mayar a shekaru masu zuwa, domin ya san mutum ba ya son wahalar tashi.

Mu yi lissafi da misali na ƙirƙira. Kamfani na ɗaya yana karɓar dala 1 a shekarar farko, sannan dala 22 duk shekara. Na biyu yana karɓar dala 12 kullum ba sauyi. A shekara 5, na ɗaya ya ci dala 89, na biyu dala 60. Tun a shekara ta 3 na arahar ya zama mai tsada. Araha dai ba ta ado. Dokar ICANN ta tilasta wa kamfanoni su bayyana kuɗin sabuntawa da na fansa a shafinsu, sai dai ba ta ce su sa shi a inda ido zai fara sauka ba. Kafin ka biya ko sisi, nemo waɗannan lambobi biyu.

Wajen biya kuma a buɗe ido. Sau da yawa za ka tarar an riga an zaɓa maka wasu kaya ba ka tambaya ba: akwatin imel na gwaji da zai fara cin kuɗi bayan wata guda, kariyar shafi, wa'adin shekara 2 maimakon 1. Ɓoye bayanan mai suna daga idon jama'a, wanda da ake sayarwa daban, kamfanoni da yawa yanzu kyauta suke yinsa, musamman tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayu na 2018. Karanta jerin abin da za ka biya layi-layi, ka cire abin da ba ka nema ba.

Wata tsohuwar dabara ta taɓa jawo surutu a farkon 2008, lokacin da aka gano Network Solutions yana riƙe duk sunan da mutum ya bincika a shafinsa na kwana 4, ta yadda ba zai iya sayensa a wani kamfani ba. Ya daina daga baya. Duk da haka, in ka samu suna mai kyau a sake, kada ka yi ta gwada shi a shafuka daban-daban kana jinkiri.

Sabuntawa ta kai tsaye, inda kamfani yake cire kuɗi daga katinka da kansa, abu ne mai kyau, a kunna ta. Amma a ƙasarmu ba ta isa a kwanta a kanta ba. Katin banki yana da nasa wa'adin, in ya ƙare cirewar ba za ta yiwu ba. A 2022 bankunan Nijeriya da yawa sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya na tsawon lokaci, kuma sunaye sun salwanta ta wannan hanya alhali akwai kuɗi a asusu. Sannan tun da aka saki farashin naira a tsakiyar 2023, dala 15 ta bana ba ita ce ta shekarun baya ba. Saboda haka duk lokacin da aka ce an sabunta, a shiga a tabbatar ranar ƙarewa ta matsa gaba da shekara guda. Wanda yake da hali ya biya shekara 3 ko 5 a lokaci ɗaya. Wanda kuma masu sayensa duk a gida suke, ya yi tunanin .com.ng ko .ng, wanda ake biya da naira ta tura kuɗi daga banki, ba tare da neman dala ba.

Saƙonnin da ba daga kamfaninka suke ba

A Amurka da Kanada wani kamfani mai suna Domain Registry of America ya yi shekaru yana tura wa mutane takarda ta gidan waya mai kama da takardar neman biya, tana cewa sunansu ya kusa ƙarewa. Wanda ya cika ya biya yana zaton sabuntawa ya yi, ashe izinin ɗauke sunansa ya bayar zuwa wani kamfani mai tsada. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa a 2003. Dabarar ba ta mutu ba, ta koma imel ne kawai. Za ka ga saƙo mai jan rubutu yana cewa saura awa 24, da maɓallin biya a ƙasa. Wani in ka karanta ƙananan rubutunsa, kuɗin "shigar da shafi a injin bincike" ake nema, abin da Google ke yi kyauta. Wani kuma zai ce shi ofishin rajista ne a ƙasar Sin, wai wani kamfani yana neman ɗaukar sunanka a .cn, ka yi sauri ka riga shi. Mafi haɗari shi ne wanda zai kai ka shafin bogi mai kama da na kamfaninka don ya kwashe kalmar sirrinka.

Maganinsu ɗaya ne. Kada ka biya ta hanyar maɓallin da ke cikin saƙo. Rubuta adireshin kamfaninka da hannunka, ka shiga asusunka, ka duba ranar. In ka manta wane kamfani ne, shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan shafin, zai nuna maka kamfanin rajista da ranar ƙarewa, kyauta.

Sai dai akwai saƙo na gaskiya da mutane ke watsarwa saboda tsoron na ƙarya. Idan ka yi sabuwar rajista ko ka sauya adireshin imel, kamfani zai nemi ka tabbatar da shi. In kwana 15 ya wuce ba ka amsa ba, za a dakatar da sunan ko da ka biya shekara 10. Shi ma daga cikin asusunka za ka iya ganin ko ana jiran amsarka.

Tashi daga kamfani zuwa wani

Kana da 'yancin ɗauke sunanka ka kai inda ka ga dama. Za ka cire kullen da ke kan sunan daga cikin asusunka, ka nemi lambar izinin tashi, ka ba sabon kamfani, ka biya kuɗin shekara 1. Wannan shekara ƙari ce a kan abin da ya rage maka, ba a asarar komai. Dole tsohon kamfani ya ba ka lambar cikin kwana 5 da nema, kuma idan buƙatar tashi ta iso masa bai ce komai ba har kwana 5, ta wuce. Ba shi da ikon ya ce sai ka biya shi kuɗin shekara mai zuwa kafin ya sake ka.

Akwai lokutan da ake iya hana ka. Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce kwana 60 na farko bayan sabuwar rajista, da kwana 60 bayan tashi daga wani kamfani. Sauya sunan mai rajista ko imel ɗinsa shi ma yakan jawo kullen kwana 60, saboda haka mai niyyar tashi ya fara tashi, ya gyara bayanai daga baya. Sunan da ya shiga lokacin fansa ba ya tashi sai an fanso shi. Kuma wanda ya bar wa'adi ya wuce, ya sabunta a makare, sannan ya tashi cikin kwana 45 ɗin nan, yana iya rasa shekarar da ya biya tsohon kamfani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne saura wata 2 ko 3.

Wani lokaci kamfanin ne yake tashi ya bar ka. A 2007 wani kamfanin Amurka, RegisterFly, ya rikice saboda faɗa tsakanin masu shi. Mutane suna biyan kuɗin sabuntawa ba a sabunta musu, suna neman lambar tashi ba mai amsawa. ICANN ta soke lasisinsa, GoDaddy ya karɓi sunaye kimanin 850,000. Bayan wannan ne aka ƙarfafa dokar da ta sa kowane kamfanin rajista yake ajiye kwafin bayanan masu sunaye a hannun wani amintacce na daban. A 2023 kuma Google ya sayar da sashensa na rajista ga Squarespace, sunaye kimanin miliyan 10 suka koma sabon gida ba tare da an nemi ra'ayin masu su ba. In irin wannan ta same ka, shiga sabon asusun ka duba farashi, da katin biya, da ko sabuntawa ta kai tsaye tana kunne.

Sunan wa aka rubuta

Duk abin da muka faɗa ya ginu ne a kan cewa asusun a hannunka yake. A wurinmu kuwa galibi ba haka ba ne. Mai makaranta ko shugaban ƙungiya yakan kira wani matashi ya ce, "Ka yi mana shafi." Matashin ya yi rajista da sunansa, da imel ɗinsa, a cikin asusunsa inda sunayen wasu mutum 20 suke. Sau da yawa ba da mugun nufi ba ne, sauƙi ya nema. Amma a idon kamfanin rajista shi ne mai sunan, ba wanda ya ba da kuɗi ba. Ranar da ya tafi hidimar ƙasa, ko ya sauya lamba, ko aka saɓa a kan kuɗin aiki, ko Allah ya yi masa rasuwa, makaranta ba ta da ta cewa. Kamfani ba zai saurari "ai mu muka biya" ba.

Takardar rajistar kasuwanci ta CAC ma ba ta tanadar maka sunan a intanet, hukumomi ne daban da littattafai daban. Akwai tsarin sasanta rikicin sunaye da ICANN ta kafa a 1999, wanda hukumar WIPO da ke Geneva take cikin masu sauraren ƙararrakinsa, amma kuɗin shigar da ƙara a can yana farawa ne daga dala 1,500 ban da na lauya, kuma sai ka nuna kana da haƙƙin alamar kasuwanci a kan sunan, ka nuna an ɗauke shi da mugun nufi. Wanda sunansa ya kuɓuce don bai biya ba, wannan hanya ba lallai ta fisshe shi ba.

Gyaran tun farko ake yinsa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya ko sana'a, da imel ɗin da aƙalla mutum 2 amintattu suke da kalmar sirrinsa. A ba mai haɗa shafi damar da aikinsa yake buƙata, ba mallaka ba. In an riga an yi kuskure, a zauna da shi yanzu da ake ɗasawa a ce, "Malam, muna so a mayar da sunan nan cikin asusun makaranta, aikinka na kula da shafi yana nan yadda yake." Mai gaskiya ba zai ƙi ba. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a ajiye rasit na kowace shekara, a rubuta ranar ƙarewa a littafin taro don ta shiga cikin abin da tsohon sakatare zai miƙa wa sabo.

Idan kamfani ya ƙi ba da lambar tashi, ko bai aiko da tunatarwa ba, ko ya ƙi yarda a fanshi suna cikin kwana 30, ana kai ƙara ga sashen bin doka na ICANN ta shafinta, kyauta. In ta hannun ɗan sari ka saya, kamfanin rajistar da ke bayansa shi ke da alhaki, kuma sunansa ne zai fito a binciken da muka ambata. ICANN ba kotu ba ce, ba ta karɓo wa mutum kuɗi, amma kamfani yana tsoron lasisinsa. Mai .ng ya kai kukansa ga NiRA, in kuma batun cutar mai saye ne daga kamfanin cikin gida, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Kowane rukuni ya zaɓi shafin wata makaranta ko jarida ko kamfani mai .com ko .org, ya bincika shi a lookup.icann.org, ya rubuto kamfanin rajista da ranar ƙarewa. Ku duba layin da ke nuna halin da sunan yake ciki: clientTransferProhibited yana nufin an kulle shi daga tashi, redemptionPeriod yana nufin yana lokacin fansa, pendingDelete kuwa yana jiran gogewa.

Sannan ku warware wannan. Sunan wata ƙungiyar manoma ya ƙare ranar 1 ga Maris, kamfani ya goge shi ranar 31 ga Maris. Wace rana ce ta ƙarshe da za su iya fansarsa, kuma wace rana za a sake shi ga kowa? Me zai sauya idan kamfanin ya sayar da shi a gwanjo ranar 28 ga Maris?

Wanda yake da shafi, ko yake cikin ƙungiya mai shafi, ya zo mako mai zuwa da amsar tambaya 3: sunan wa aka rubuta a rajistar, wane imel aka sa, nawa ne kuɗin sabuntawa na bana.